MCP6002 a gurbin LM358: inda ya ci kuɗinsa da inda zai ƙone maka

Duk mai gyaran kwantirolar cajin sola ko infata yana da LM358 a ledarsa, wato op-amp, ɗan aisi (IC) mai ƙarfafa sigina. Da aisi mai ƙafa takwas ya ƙone a kan allo, shi hannu yake fara lalubowa: ga arha, ga shi ko'ina, kuma ba ya mutuwa da wuri. Ni ma shi na fi sawa har gobe. Amma yau kan MCP6002 na kamfanin Microchip zan yi magana, wanda na ware wa akwatinsa daban a shago, saboda akwai aikin da LM358 ba zai yi ba ko da sabo ne fil daga masana'anta. Hukuncina tun daga farko shi ne: in op-amp ɗin da ke kan allo volt 5 yake ci ko 3.3, kuma ana so sigina ta hau har kusa da wutar da ake ba shi, MCP6002 ya ci kuɗinsa. In kuwa wutar ta haura volt 6, kada ma ka ciro shi daga leda.

Op-amp biyu ne a jiki ɗaya, kuma jerin ƙafafunsa daidai yake da na LM358: ta 8 wuta, ta 4 ƙasa, ta 1 da ta 7 mafita, sauran huɗun mashiga. Haka TL072 yake, haka 4558, haka NE5532. Wannan daidaiton ƙafa shi ne yake yaudarar mutane, don duk za su zauna a gurbin juna ba gardama, dalma ta kama, na'ura ta kunnu, sai dai halinsu a ciki ya sha bamban. MCP6002 yana aiki daga volt 1.8 zuwa 6. Kowane ɓangarensa yana jan kamar maikuro-amfiya 100. Saurinsa megahaz 1, wato bai fi LM358 gudu a zo a gani ba, kada wani ya saye shi don wannan. Akwai mai dogayen ƙafafu da ke huda allo, MCP6002-I/P, akwai mai kwanciya a kan allo, MCP6002-I/SN. Abin da kake biyan kuɗi dominsa abu ɗaya ne: mashigarsa na karɓar sigina daga volt 0.3 ƙasa da layin ƙasa har volt 0.3 sama da layin wuta, mafitarsa kuma tana matsawa dab da layukan biyu. Takardar bayanansa ta ce tazarar ba ta wuce milivolt 25 idan lodin 10k ne.

Aikin da zan ba da misali da shi wata kwantirola ce ta volt 12 da wani Alhaji mai kemis ya kawo. Batir ɗaya ne na ruwa, mai amfiya 200, yana riƙe masa fitilu da fanka da ɗan firjin magani. Kukansa shi ne batirin ya koma shan ruwa ba ji ba gani, da rana ya yi zafi, wani lokacin har wari yake tashi a ɗakin, amma fuskar kwantirolar ba ta taɓa nuna ya cika ba. Kullum tana wajen 11.8, in ta yi ƙoƙari ta taɓa 12.

Ya ce, "Malam, na'ura ta ce batir bai cika ba, batir kuma tafasa yake. Wa zan yarda da shi?"

Na ce, "Alhaji, ka yarda da batirin. A cire farantan sola daga kansa yau, kafin mu gano mai ƙaryar."

Da na buɗe ta, ba sai an faɗa ba an taɓa shiga. Dalmar da ke ƙafafun wani aisi mai kwanciya sabuwa ce, tana ƙyalli, da sauran ƙaro a gefenta ba a goge ba, kuma LM358 ne a zaune. Alhaji ya tabbatar cewa wani ya gyara ta bayan wata tsawa da damina. Wanda ya yi gyaran ya iya dalma, wannan kam ba zan hana shi ba. Abin da bai duba ba shi ne resista biyu da ke gaban aisin.

Ga yadda allon yake. Wutar batir tana bi ta resista 22k, sannan 10k zuwa ƙasa, ana ɗaukar sigina a tsakaninsu a kai ƙafa ta 3. Ƙafa ta 1 an ɗaure ta da ta 2 kai tsaye, wato op-amp ɗin mai bin sawu ne kawai, abin da ya gani a mashiga shi zai maimaita a mafita ya miƙa wa ƙwaƙwalwar na'urar. Ƙafa ta 8 kuwa daga regileta 7805 take sha, volt 5. Yanzu yi lissafi. Kashi 10 cikin 32 na wutar batir ne ke isa ƙafa ta 3. Batir a volt 12.6 ya ba da 3.94. A 13.8 ya ba da 4.31. A 14.4, inda ya kamata kwantirola ta fara rage caji, ya ba da 4.5 cif. Duk wanda ya zana wannan allo yana jiran volt 4.5 daga op-amp mai cin volt 5, don haka asalin aisin da ya sa ba LM358 ba ne, ko da ban taɓa ganinsa ba. Resistocin sun gaya mini.

Dalili kuwa, LM358 tsani ne da bai kai rufin soro ba. Mafitarsa tana tsayawa kamar volt 1.5 ƙasa da wutar da ake ba shi, kuma wannan ba ciwo ba ne, ƙirarsa ce, a rubuce take a takardarsa. A ɓangaren da ke turo wuta waje akwai taransista biyu a goye, kowace tana cin kamar volt 0.6 zuwa 0.7, sannan ga wata a samansu da ita ma take son nata kason. Mashigarsa ma haka take: taransistocin PNP ne, shi ya sa yake iya karanta sigina har ƙasa, sifili, abin da ya sa aka so shi tun da kamfanin National Semiconductor ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Amma a sama sai an bar musu volt 1.5, takardar ma ta ce volt 2 idan ana so ya yi daidai a kowane yanayin zafi da sanyi. A kan volt 12 ko 24 wannan ba abin damuwa ba ne, fili na nan da yawa. A kan volt 5, an yanke maka kusan kashi ɗaya cikin uku na filin.

Yadda nake kama irin wannan matsala ba ya bukatar osiloskof. Na cire batir na haɗa kwantirolar da fawa mai murɗawa, wato na'urar ba da wuta da ake saita volt ɗinta, mita ɗaya a ƙafa ta 3, ɗaya a ƙafa ta 1, yarona yana rubutawa a bayan kwali. A volt 10, mitocin biyu suka ce 3.13. A 11, duka 3.44. A 11.5 aka fara rabuwa kaɗan, 3.59 da 3.58, abin da mutum zai ɗauka bambancin mita ne. A 12, ƙafa ta 3 ta ce 3.75, ta 1 ta ce 3.69. A 13, ɗaya ta tafi 4.06, ɗayar ta tsaya 3.71. A 14.4, ga 4.50, ga 3.71. Ninka 3.71 sau 3.2, ka samu 11.87, wato lambar da Alhaji yake gani a fuskar na'urarsa kullum. Ƙwaƙwalwar ba ta yi laifi ba. An ce mata batir yana ƙasa da 12, ita kuma ta buɗe wa farantai ƙofa daga safe har la'asar.

Abin da ya sa irin wannan gyara yake wucewa ba a gane ba shi ne yawancinmu a wuri ɗaya muke gwadawa. Mai kaya ya kawo na'ura, batirin da ke shago rabin mutuwa ne, yana 11.4 ko 11.5, ka haɗa, fuska ta nuna daidai da mita, ka ɗaure sukurori ka karɓi kuɗi. A wannan wurin LM358 gaskiya yake faɗi. Ƙaryar ba ta farawa sai batir ya fara cika, lokacin na'ura tana gidan mai ita. Kuma ba ta zuwa a tashi ɗaya, lanƙwasa take yi a hankali kafin ta kwanta, shi ya sa wanda ya gwada a 12 ma zai iya cewa ai ɗan saiti ne ya goce.

Wani abu kuma da Alhaji ya ambata wanda da farko ya yi kama da surutu: wai da sanyin safiya lambar ba ta wuce 11.7, da rana tsaka takan kai 12. Gaskiya ya faɗa. Wutar da kowace taransista ke ci tana raguwa da kamar milivolt 2 a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Biyu a goye, cikin akwatin ƙarfe da ke tashi daga sanyin hunturu zuwa zafin azahar, iyakar mafitar za ta motsa da kusan volt 0.1, a fuskar na'ura kuma ya zama 0.3. In ka ga lamba ta maƙale amma wurin maƙalewar yana bin zafin rana, zargi op-amp da ya kai iyakarsa kafin ka zargi ƙwaƙwalwa.

Akwai dabaru biyu da wani zai kawo don kada a sayi sabon aisi, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ta farko, a canza 22k zuwa 33k don sigina ta sauko inda LM358 zai iya, 14.4 ya koma 3.35. To, amma lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwa na tsohon resista ne, ba ka da hanyar canza shi, sai ta riƙa ganin batir ƙasa da yadda yake, ka koma gidan jiya. Ta biyu, a yanke ƙafa ta 8 daga 7805 a kai ta wutar batir kai tsaye. Wannan zai ba shi fili, zai kuma yi aiki, har ranar da wani abu ya goce mafitar ta tashi volt 10 a kan ƙafar ƙwaƙwalwar da ba ta ɗaukar fiye da 5. Ƙwaƙwalwar nan kuwa ba a sayar da ita da manhajarta a kasuwa.

Na cire LM358 na sa MCP6002-I/SN, muka maimaita gwajin. Mitocin biyu suka tafi tare tun daga 3.13 har 4.50, na ƙara murɗawa zuwa volt 15.5 don in gani, ƙafa ta 3 ta ce 4.84, ta 1 ta bi ta. Fuskar na'ura ta nuna 14.4 a lokacin da fawa ke 14.4, ta fara rage caji, daga baya ta sauka 13.8. A wannan aikin ba ni da abin da zan ce da shi sai sam barka. Batirin kuwa ya riga ya sha wuya, aisi ba ya mayar da abin da tafasa ta cinye.

A nan zan tsaya kan LMV358, domin na sha jin ana cewa ai shi ne LM358 na zamani mai cin volt 5. Mai shagon da nake sayen ƙananan kaya ma haka ya ce mini: "Maigida, ɗauki wannan, harafi ɗaya ne ya raba su." Mafitarsa lalle tana hawa kusa da layin wuta, amma mashigarsa ba ta hawa. A kan volt 5, abin da aka yi alkawari shi ne zuwa volt 4, a aikace yakan ɗan wuce zuwa wajen 4.2. A allon Alhaji wannan na nufin zai faɗi gaskiya har batir ya kai 12.8 ko 13.4, daga nan ba ka da tabbas, kuma daidai wurin ne ake yanke shawarar rage caji. Ya fi LM358 haɗari ma ta wani gefen, don gwajin shago zai fi wucewa lafiya. Mai bin sawu yana bukatar mashiga da mafita duka su hau. In kuwa da'irar mai ninka sigina ce, mashiga tana ƙasa mafita ce kaɗai ke hawa, LMV358 zai wadatar.

TL072 kuwa ta ƙasa yake ba da matsala. Masu gyaran amfilifaya suna sonsa, kuma a kan wuta mai gefe biyu, 15 sama 15 ƙasa, yana da daɗin sauti. Amma tsohon TL072 ba ya son mashigarsa ta kusanci layin ƙasa, sai an bar masa volt 3 zuwa 4. In ta matsa fiye da haka, ba tsayawa kawai yake yi ba, mafitar juyewa take ta haye sama gaba ɗaya. Sa shi a da'irar auna amfiya inda sigina ke kusa da sifili, na'ura za ta riƙa kukan lodi ya yi yawa alhali ko kwan fitila ba a kunna ba. 4558 ma ba ya kai wa ƙasa, ba ya kai wa sama.

Yanzu ga inda MCP6002 ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Babba ita ce wuta. Iyakar aikinsa volt 6, iyakar ransa volt 7. LM358 yana ɗaukar har 32. Allunan infata da yawa suna ba op-amp ɗinsu volt 12 kai tsaye, musamman wajen sarrafa fanka da kashe na'ura idan batir ya yi ƙasa. Ka sa MCP6002 a nan, kunnawar farko ce ta ƙarshe, kuma in ya mutu a haɗe yana iya jan abin da ke bayansa. Don haka kafin ƙarfen dalma ya yi zafi, mita a ƙafa ta 8. In 12 ne kuma kana son mai hawa har layi, TLV2372 yana aiki daga 2.7 zuwa 16, LMC6482 ma yana ɗaukar wajen 15. Sun fi wuyar samu, amma su ne na wurin.

Ta biyu tana kusa da ita. Mashigar LM358 tana jure har volt 32 ko da ƙafa ta 8 tana kan 5, shi ya sa masu zane suke sakaci da ita. MCP6002 ba ya son mashigarsa ta wuce wutarsa da fiye da volt 1, kuma abin da zai bi ta ƙafar kada ya haura miliamfiya 2. A allon Alhaji 22k ɗin nan ya tsare shi, ko da 7805 ya mutu batir yana haɗe, abin da zai ratsa bai kai miliamfiya 1 ba. A wani allon da aka kawo sigina ta ƙaramin resista, sai ka duba da kyau.

Ta uku ita ce ta fi ba ni haushi, don a rabin aisin na biyu na gamu da ita a kwantirolar nan. Wannan rabin shi ke auna amfiyar da farantai ke turowa, ta hanyar shant, wato ɗan resistan da wutar ke ratsawa, a auna milivolt ɗin da ke kansa. Kowane op-amp yana da 'yar karkata ta haihuwa tsakanin mashigarsa biyu. Ta MCP6002 tana iya kai milivolt 4.5 ta kowane gefe, ta LM358 har 7. A wajen auna batir, inda sigina ke volt 4, wannan ba komai ba ne, bai ma kai taki ɗaya na ƙwaƙwalwa mai ƙirga 0 zuwa 1023 ba, wanda yake kusan milivolt 4.9. Amma ɗauki shant irin wanda aka saba, mai ba da milivolt 75 a amfiya 50. Kowace amfiya milivolt 1.5 ce kacal. Karkatar 4.5 ta zama amfiya 3 na ƙarya. Yawancinsu ba sa kai wannan iyakar, wanda na sa wa Alhaji yana nuna 0.6 da dare, farantai a cire, wato karkatarsa wajen milivolt 1. Wannan da sauƙi, don ana ganinsa. In karkatar ta faɗa ɗaya gefen, mafita za ta so sauka ƙasa da sifili, ba hanya, sai ta kwanta a layin ƙasa, na'ura ta riƙa nuna 0.0 har sai amfiya ta haura abin da karkatar ta cinye. Da hantsi farantai suna ba da amfiya ɗaya, fuska ta ce babu. Matsalar layin sama ce ta dawo ta ƙasa. Don nuna lamba ga mai gida, ana iya haƙuri da shi. Don ƙirga abin da ya shiga batir da abin da ya fita, ba aikinsa ba ne, nemi irin OPA2333 mai karkatar da ba ta wuce maikurovolt 10 ba, ko in sabon abu kake haɗawa ka sa ɗan allon INA219 mai auna amfiya ka huta.

Har a tsakiyar filinsa akwai ɗan tudu da ya kamata a sani. Yadda yake iya karanta sigina daga ƙasa har sama shi ne mashiga biyu aka haɗa masa a ciki, ɗaya tana aiki a ƙasa, ɗaya a sama, suna miƙa wa juna aiki a kusan volt 1.1 ƙasa da layin wuta. A kan volt 5, wajen 3.9 ke nan. Kowacce da tata karkatar, don haka a wurin miƙawar karkata takan ɗan yi tsalle. Takardar da kanta ta ba da shawarar a kauce wa wurin idan ana son layi miƙaƙƙe sosai. A allon Alhaji wurin ya faɗo daidai batir 12.5, na neme shi da mita ban gan shi ba, don ninkin ɗaya ne. In kana ninka sigina sau 50 ko 100 kuma mashiga tana zaune a wannan yankin, za ka gan shi.

Sai kafasita. Masu zane suna son sa 100n a ƙafar ƙwaƙwalwa don tace hayaniya. In akwai resista tsakaninta da mafitar op-amp, lafiya. In babu, MCP6002 a matsayin mai bin sawu yana iya fara rawa, don takardarsa ta ce daga wajen 100p zuwa sama a sa masa ɗan resista a jere. Alamar ita ce lambar ƙarshe a fuska ta ƙi tsayawa, ko mita ta nuna abin da bai dace da mashiga ba, kuma da ka ɗora yatsa kusa lambar ta canza. Yanka layin, sa resista tsakanin om 100 da 1k, magana ta ƙare. Kuma kada a ɗora masa rile ko a ja masa wuta mai yawa. Milivolt 25 ɗin nan na lodin 10k ne. Da ka fara jan miliamfiya da dama, tazarar na buɗewa zuwa ɗaruruwan milivolt, kuma ko an haɗe mafitar da ƙasa wajen miliamfiya 23 kawai yake bayarwa.

Maganar samu da farashi. Ba kowane shagon kayan gyara ne ke ajiye shi ba, a Sabon Gari ma sai ka tambaya ka sake tambaya, sau da yawa sai an aiko daga Legas ko an yi oda ta intanet. Ya fi LM358 tsada, farashin kuma yana bin dala, amma duk tsadarsa bai kai kuɗin ruwan batirin da Alhaji ya riƙa saye ba, balle batirin. Abin da ya fi tsadar damuna shi ne jabu. An taɓa kawo mini wata leda, rubutun jikinsu MCP6002 tsaf, halinsu kuwa na LM358, an kankare an sake bugawa. Tun daga nan duk ledar da ta zo sai na zauna da ita a allon gwaji kafin ta shiga akwati.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Ba shi volt 5, ɗaure ƙafa ta 1 da ta 2, ɗaure ta 7 da ta 6, kai ta 5 ƙasa don ɗaya rabin ya zauna shiru. Sa bolum 10k tsakanin wuta da ƙasa, ƙafarsa ta tsakiya zuwa ƙafa ta 3, mita a ƙafa ta 1, ka murɗa har ƙarshe. Na gaske zai kai 4.98 ko sama. In ya tsaya wajen 3.7, LM358 ne a rigar wani. Sannan cire bolum, haɗa ƙafa ta 3 da ƙasa ta resista 1M. Mashigar LM358 tana fitar da 'yar wuta ta gomman nano-amfiya, sai ka ga milivolt 20 zuwa 50 a mafita. MCP6002 na CMOS ne, wato irin taransistocin da mashigarsu kusan ba ta jan wuta, abin da mashigarsa ke ja a zafin ɗaki wajen fiko-amfiya 1 ne, mita ba za ta ga komai ba sai 'yan milivolt na karkatarsa da tazarar ƙasa. In har yanzu kana shakka, sa mita a jere da ƙafa ta 8: na gaske yana jan wajen miliamfiya 0.2 duka biyun, LM358 yana jan rabin miliamfiya ko fiye.

Kasancewarsa CMOS yana nufin a kula da shi wajen taɓawa, musamman da hunturu lokacin da riga ke tartsatsi in an cire ta. Ina barinsu cikin bututunsu ko ledar azurfa, kuma ina taɓa ƙarfen benci kafin in ɗauka. Mai kwanciyar ya fi saurin ƙarewa a wajena, don kwantirololin yanzu kusan duk shi suke ɗauka, mai dogayen ƙafafu kuwa na gwaji ne da gyaran tsofaffin alluna. In za ka yi oda, ka fi yawaita I/SN, ka haɗa da TLV2372 ko da kaɗan ne saboda allunan volt 12.